Farin Ruwa: a kai kwalta ƙauye, a bar ƙafa ta ƙarasa

Duk shekara da zarar damina ta fara ja da baya, hotunan magangarar ruwa ta Farin Ruwa sukan cika Facebook da TikTok, kuma maganar da ke biyo bayansu kusan guda ce: ina ma gwamnati za ta shimfiɗa kwalta har gindin ruwan nan, ta gina otal, ta kawo motar igiya mai ɗaukar mutane ta sama irin ta tsaunin Obudu. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba ka jin mai tambayar abin da ƙafar mutum za ta taka daga inda ya sauka a mota zuwa inda zai tsaya ya kalli ruwan. A wannan ɗan tsakanin ne ake zamewa, ake karyewa, a nan ne kuma ruwa ke cin mutum.

Ra'ayina a fili yake. A gyara hanyar mota daga Wamba zuwa ƙauye na ƙarshe, a tsayar da ita a can. Daga nan a yi turbar ƙafa mai tsari, da matakalar dutse, da 'yan jagora daga mutanen wurin, da doka mai ƙarfi kan lokacin shiga da lokacin fita. Otal da motar igiya su jira, in ma ana buƙatarsu.

Ga wanda bai san wurin ba, Farin Ruwa yana ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, kan iyaka da ƙaramar hukumar Bokkos ta jihar Filato. Ruwan yana gangarowa daga tsaunukan Filato, ya faɗo daga tsayin da ake ƙiyastawa da mita 150, wato ya ɗara na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe, wanda tsayinsa mita 108 ne. Daga Abuja ana bi ta Keffi da Akwanga a shiga Wamba, sannan a ƙara kimanin kilomita 30. Waɗannan kilomitocin na ƙarshe su ne wahalar, musamman da damina, lokacin da mutane da yawa sukan ajiye mota su hau babur.

Hanyar mota hakkin manoma ce

Kada wani ya ɗauka ina goyon bayan a bar hanyar a lalace don wurin ya zauna da kyansa. Mutanen ƙauyukan nan suna da amfanin gona da za su kai kasuwa, suna da mata masu naƙuda da za a kai asibiti. Hanyar Wamba tasu ce tun kafin ta zama ta baƙo mai kamara, kuma ko da babu ruwan kallo a ƙarshenta ya kamata a yi ta.

In kuɗin kwalta bai samu ba, burji mai kyau zai riƙe, muddin an ɗaga tsakiyarsa ruwa na sauka gefe, an yi lambatu a ɓangarorin biyu, an sa kwalbati mai faɗi a kowane rafi. Abin da ke kashe irin waɗannan hanyoyi shi ne ƙaramin kwalbati. Ganye da itace su toshe shi, ruwa ya hau kan hanya, ya ci bayan siminti, cikin damina guda a wayi gari da kwazazzabo.

Inda na rabu da masu neman kwalta shi ne daga ƙauyen zuwa gindin dutse. Hanyar da mota biyu za su wuce juna, tare da lambatunta, tana cin faɗin da ya kai mita goma. A kan gangare, sai katafila ta yanke jikin tudu kafin a sami wannan faɗin, kuma ƙasar da aka yanke ba ta da wurin zuwa sai rafi. Ruwan sama na farko zai kwashe ta, farin ruwan da aka zo kallo ya koma ja. Bayan haka ga filin ajiye motoci, ga rumfuna, ga janareta, duk a wurin da bishiyoyi ne ke riƙe da ƙasarsa. Kuma hanyar da ta shigar da motar baƙi cikin kurmi ita ce za ta fitar da motar katako da ta gawayi. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka keɓe dajin Marhai da ke kusa da ruwan, kuma wahalar shiga ta taimaka wa duk abin da ya saura a cikinsa.

Turbar da nake nufi

Mutane suna jin "hanyar ƙafa" sai su ɗauka ana nufin a share ciyawa da adda a ce an gama. Irin wannan ita ce ake da ita a yawancin wurarenmu, kuma ita ce ke lalacewa. Mai hawa dutse yakan miƙe sama kai tsaye don ya gajarta tafiya, na bayansa ya bi sawunsa, ciyawa ta mutu, ruwan sama ya sami magudana. Bayan damina biyu turbar ta zama rami, mutane su buɗe wata a gefenta.

Turba mai ɗorewa tana kewaya jikin tudu ne, tana hawa a hankali. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce, a cikin kowane mita goma na tafiya kada hawan ya wuce mita ɗaya a matsakaici, kuma kada tsananin hawan turbar ya wuce rabin tsananin gangaren da take ratsawa. Da zarar ya wuce rabi, ruwa zai daina tsallake turbar, ya riƙa bin ta. Faɗin mita ɗaya ya isa mutum biyu su kauce wa juna. Bakin da ke kallon kwari a sauke shi da kamar santimita biyar ƙasa da na jikin tudu, don ruwa ya zare ya wuce. A kowane mita goma zuwa ashirin, gwargwadon tsananin hawan, a yi ɗan kwari a gicciye wanda zai kawar da ruwan da ya taru. Waɗannan ƙananan magudanai su ne rayuwar turbar, kuma sai an kwashe musu yashi da ganye kafin damina da bayanta.

Inda hawan ya yi tsanani har kewaye ba zai yiwu ba, sai matakala. A nan ake yawan kuskure. Ɗan kwangila zai zuba siminti, ya shafe shi sumul don ya yi kyau a hoto ranar buɗewa. Kusa da magangarar ruwa iska kullum a jiƙe take da feshi, gansakuka za ta rufe wannan simintin cikin watanni kaɗan, wanda ya taka da silifa sai dai a ɗauke shi. Katako kuma gara da danshi ba za su bar shi ba. Dutsen wurin shi ne kayan aiki: manyan duwatsu masu kaushin fuska, waɗanda sai mutum biyu ko uku za su iya ɗagawa, a binne kashi ɗaya cikin uku na kowane a ƙasa, a fara daga ƙasa ana hawa, kowane dutse ya ɗan danne na ƙarƙashinsa. Tsayin taki santimita 15 zuwa 18, zurfinsa aƙalla 30, kuma duk su zo daidai, domin taki ɗaya da ya bambanta da 'yan uwansa shi ke kayar da mai saukowa a gajiye. In dole sai an yi amfani da siminti, a ja tsintsiya a kansa tun yana ɗanye ya yi kaushi.

Abin dafawa ma sai an yi tunani. Baƙin ƙarfe yana tsatsa da sauri a cikin feshi, wanda bai yi tsatsa ba kuma 'yan jari-bola sun san hanyarsa. A wuraren tsayawa kallo, katangar dutse da ta kai ƙugu zuwa ƙirji, kamar mita ɗaya da ɗan ɗori, ta fi bututun ƙarfe. Ba ta tsatsa, ba a sayar da ita a kilo.

Gadar ƙafa a kan ƙananan rafuka kada a auna ta da ruwan rani. A duba rassan bishiyoyin bakin rafi, za a ga shara da busasshiyar ciyawa da ambaliya ta rataye, wannan ne tsayin da ruwa ke kaiwa. A tambayi dattawan ƙauyen inda ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi kowace ruwa, sannan a ɗora gadar sama da nan.

Duk wannan aiki da diga da shebur da gudumar fasa dutse ake yinsa. Magina da matasan ƙauyen za su iya, kuma wanda ya gina da hannunsa shi zai san inda za a gyara idan damina ta taɓa.

"Ai otal ne ke kawo kuɗi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a bakin jami'ai, kuma Farin Ruwa kansa ya riga ya amsa ta. An taɓa gina ɗakunan saukar baƙi a wurin, aka bar su suka lalace, saboda gini ba ya jawo baƙo idan hanya ba ta biyuwa, babu wuta, babu mai kula. Motar igiyar Obudu a jihar Kuros Riba, wadda aka yi zamanin Gwamna Donald Duke, ta zama abin alfahari na ɗan lokaci, daga baya ta shafe shekaru a tsaye. Na'ura irin wannan tana son wutar da ba ta yankewa, da injiniya na dindindin, da kayan gyara daga waje. Wurin da ba a iya riƙe kwalbati ba, da me za a riƙe ta?

A duba kuma aljihun da kuɗin ke shiga. Baƙon da mota ta kai shi gindin ruwa zai sauka, ya ɗauki hoto, ya ci abincin da ya taho da shi daga Abuja, ya zubar da leda, ya juya. Wanda ya ajiye mota a ƙauye zai biya mai gadin mota, ya ɗauki ɗan jagora, ya sayi ruwa da ayaba, in ya dawo a gajiye ya zauna ya ci abinci. A magangarar ruwa ta Wli da ke yankin Volta na Ghana, kusa da Hohoe, haka tsarin yake: ana biya a ofis a bakin gari, a haɗa ka da ɗan jagora, ka yi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a turba mai ƙananan gadoji kafin ka isa magangarar ƙasa. Mai son ta sama sai ya shirya hawan sa'o'i. Ba a kai mota gindin ruwan ba, kuma baƙi ba su daina zuwa ba.

Masu kawo misalin Gurara a jihar Neja, inda mota ke isa kusa da ruwa, su tuna wuraren ba ɗaya ba ne. Gurara faɗi gare shi, tsayinsa kamar mita 30, yana kusa da babbar hanyar Suleja zuwa Minna, kuma ba a gindin tsauni yake ba.

Tsofaffi da marasa ƙarfi fa?

Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ba ta da tsawo. Ruwan da ke faɗowa daga mita 150 ana hango shi daga nesa. A zaɓi wuri a farkon turbar inda ake ganinsa sosai, a daidaita ƙasa yadda keken guragu zai bi, a sa benci da inuwa. Dattijo ya zauna ya kalla, jikokinsa su ƙarasa. Gindin ruwan, da santsinsa da feshinsa, ko an kai kwalta ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne.

Ruwan da ke zuwa ba hadari

Abin da baƙi ba su sani ba, mutanen wurin kuma suka sani, shi ne ruwan da zai cinye ka ba a kanka ake yinsa ba. A saman Filato ake yinsa, wajen Bokkos, inda ba ka gani. Kana ƙasa rana na haskawa, can sama an kwashe awa guda ana zuba ruwa a kan duwatsun da ba sa shanye shi. Duk ya tattaru ya biyo rafi ɗaya. Dutsen da ka taka ka tsallaka da safe, kafin ka juyo ya nutse.

Alamominsa sanannu ne. Launin ruwa ya fara komawa ja ko ƙasa-ƙasa, ganye da ƙirare su fara wucewa, ƙarar ruwan ta yi kauri. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya bar kayansa ya hau tudu, kada ya bi rafi yana neman mafita. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da yawa ba yana iya kayar da babban mutum a kan dutse mai santsi, wanda ya kai gwiwa kuwa ba a gardama da shi.

Don haka nake ganin dokar lokaci ta fi kowane gini muhimmanci. Damina a Filato tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma yawancin hadarin da rana ta karkata yake haɗuwa. A watannin damina a shiga da safe, ƙarfe biyu na rana ta yi kowa ya bar gindin ruwa. A Yuli da Agusta a rufe gindin gaba ɗaya, a tsaya a wuraren kallo na sama. A shafa fenti a jikin wani dutse tsayayye, kore da rawaya da ja, ɗan jagora ya duba kowace safiya. Ruwa ya taɓa ja, babu mai sauka ko wane ne shi. A sami mutum a wani ƙauye na sama da zai buga waya idan an fara ruwa a can. Katin waya ne kuɗin wannan.

Za a ce ai da damina ne ruwan ya fi kyau, rufewa asara ce. Gaskiya ne ya fi cika a lokacin, kuma daga nesa ya fi kyan gani, domin a kusa feshi ba ya barin ka buɗe ido. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ruwa na nan da ƙarfinsa, sama ta washe, hanya ta bushe. Wannan ne lokacin da ya kamata a riƙa tallatawa.

Sai wanka. Gurbin da ruwa ke faɗawa yana yaudarar wanda ya iya iyo a kogi. Farin kumfan nan ruwa ne gauraye da iska, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwan da aka saba, kuma a ƙarƙashinsa ruwan juyawa yake yi yana mayar da abu gindin magangara. Ga sanyi mai ɗaure jijiya, ga duwatsu da itace da ke biyo ruwan daga sama. A ja igiya a nuna iyakar inda aka yarda a shiga, can ƙasa inda ruwa ya lafa. A ajiye igiya mai tsawon mita ashirin da jarka marar komai a rufe ɗaure a bakinta. In wani ya shiga matsala a jefa masa, kada kowa ya faɗa ceto, don sau da yawa haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya.

Ɗan jagora ba ɗan rakiya ba ne

Yaron da ya bi baƙi don a ba shi na goro ba zai iya ce wa mai babbar mota "ranka ya daɗe, ba za a sauka yau ba". Sai wanda ke da riga da kati, da kwamiti a bayansa, da goyon bayan mai gari da hakimi har zuwa fadar Oriye Rindre, sarkin Wamba. Kowane jagora kada ya riƙe fiye da mutum goma. Ya ɗauki usur, da tocila, da bandeji, da ruwan gishiri da sukari, wanda ko babu na kanti ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ya san cewa saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure da roba. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa asibitin da aka riga aka tabbatar yana da allurar dafi. Tabbatarwar nan tun kafin a buɗe wurin ake yinta.

A bakin turba a ajiye littafi: suna, yawan mutane, lokacin shiga, lokacin fita. Da yamma a ƙirga. Wanda ya zo da silifa ko takalmi mai sumul a mayar da shi ya sayi na roba mai haƙora a ƙauye. Kowa ya riƙe lita biyu ta ruwan sha. Ledar ruwa da robar lemo a ƙirga su wajen shiga, a karɓi ɗan kuɗin ajiya, wanda ya dawo da nasa a mayar masa. Bayan gida a yi shi a bakin turba, aƙalla mita 30 daga rafi kuma ba a samansa ba, domin akwai masu shan ruwan nan a ƙasa.

Maganar tsaro, da maganar kuɗi

Akwai masu cewa kwalta har ciki ita ce za ta ba jami'an tsaro damar isa da sauri. Ba na raina wannan damuwa, kowa ya san hare-haren da yankin Bokkos ya gani a 'yan shekarun nan, kuma babu mai hankalin da zai ce a kai ɗalibai daji ba tare da an tambayi halin da ake ciki ba. Amma motar tsaro ƙauye take buƙatar isa, kuma na riga na ce a kai hanya can. A cikin kurmi, abin da ke kare baƙo shi ne mafarauta da 'yan banga da manoman da suka san duk baƙuwar fuska, waɗanda kuma suke da amfani a zuwansa. Ƙofa ɗaya da littafi ɗaya sun fi sauƙin tsarewa a kan titin da kowa ke shiga da fita. Ranar da mutanen gari suka ce kada a shiga, a rufe, ko an zo daga ina.

Inda tsarin zai iya rushewa shi ne kuɗin ƙofa. In babu rasit, cikin wata uku za a sami shinge uku a hanya, kowane da mai karɓa, baƙo ya koma gida yana cewa an tatse shi. Kuɗi ɗaya, a wuri ɗaya, a rubuce a allo, da rasit mai lamba. A raba shi tun farko a rubuce: kaso na 'yan jagora, kaso na asusun gyaran turba, kaso na ƙauyukan da hanya ta ratsa, kaso na ƙaramar hukuma. Na asusun gyara kada a taɓa shi don biki ko tarbar manya, a kuma liƙa lissafinsa a bakin ƙofa duk wata. Aikin farko da za a biya daga ciki kowace shekara shi ne share magudanan turba a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka.